Aikin Ƙarshe na Numazawa a Gonar Oikawa

Injin naɗe ciyawa na gonar Oikawa ya koma aiki kafin ruwan sama ya sauko, bai kuma kama da wuta ba. Wanda ya gyara shi, Numazawa Tetsuji, makaniken injinan gona na ƙauyenmu Kitanosawa a gabashin Hokkaido, ya haura shekara saba'in, kuma wannan ne aikinsa na ƙarshe a fili. Zai rufe gareji a ƙarshen watan nan na Satumba. Likita ya ce rawar da hannunsa na dama ya fara bara ba za ta daina ba.

Fiye da shekara arba'in safiyarsa ba ta sake ba. Yana buɗe gareji daidai lokacin da masu shanu ke gama tatsar safe, domin a nan ne suke tuna abin da ya lalace jiya. Ya sha kofi na gwangwani a tsaye, ya ɗora akwatin sifanoni a bayan ƙaramar motarsa, ya jira waya. Lokacin yankan ciyawa ba ya cin abinci a gida. Dunƙulen shinkafa yake sawa a aljihu, sau da yawa ya dawo da shi bai ci ba.

Oikawa Fumie ita kaɗai ke riƙe da shanun madara tun rasuwar mijinta. Hazon teku ya ɓata mata rabin yankan farko. Na biyu yana shimfiɗe a fili ya bushe, aka ce ruwa na tafe washegari. Ta riga ta faɗa wa maƙwabta cewa in ciyawar nan ma ta jiƙe, ba ta da abin ba shanu har ƙanƙara ta narke, za ta sayar da garken kamar yadda gidaje da yawa a hanyarmu suka yi.

Maƙwabcinta Hatakeyama Goro ne ke ja mata injin da tarakta, shi ne kuma ya ba ni labarin. Ya ce injin ya fara ƙara tun hantsi, ya ɗura masa giris, ƙarar ta lafa, ya ci gaba. Da ya ji ƙauri ne ya tsaya, suka kira Numazawa.

"Sannu da zuwa, Tetsu-san," in ji Fumie. "Goro ya ce sarƙa ce."

"Goro ko tayarsa ce ta sace, cewa zai yi sarƙa ce," in ji Numazawa.

"Kai kurma, me za ka ji a ciki?" in ji Goro.

"Kunnen ya riga ni ajiye aiki. Kawo bokitin ruwa ka ajiye nan, sannan ka yi shiru."

Ya sa aka fitar da damin da ke ciki, ya share ɓurɓushin ciyawa, aka kunna injin ba kaya. Ya ɗauko dogon ƙarfe, ya kafa kansa a gidan boris na kowace rola, inda sandarta ke juyawa, ɗaya kan kuma a ƙashin muƙamuƙinsa. Tun da jinsa ya ragu, da ƙashi yake sauraro. A rola ta ƙasa, gefen hagu, ya daɗe. Ya sa aka kashe tarakta, ya zare makullin ya jefa a aljihunsa, ya kai bayan hannu kusa da wurin, ya janye. Fenti ya kumbura, jan garin tsatsa ya taru a gindin, da ya sa ƙarfe ya ɗaga rolar sai ta yi lilo.

"Boris ya mutu. Da kun ƙara kaɗan, da yanzu 'yan kwana-kwana muke jira. Fumie, da me kika wanke injin nan bara?"

"Da tiyon ruwan zafi na ɗakin tatsa. Da shi nake wanke komai."

"Ai ba nonon saniya ba ne. Ruwan ya keta robar ya shige ciki, ya daskare duk lokacin sanyi, ya ci ƙarfen."

"Maigidan kullum da datti yake ajiye shi. Har faɗa nake masa."

"Iska yake hura masa. Shi ya sa bai taɓa kirana a kan boris ba."



Numazawa ya sassauta sarƙa, ya cire faifan haƙoran da take hawa, ya kwance gidan boris. Ƙwallayen ciki suka zubo masa a tafi, baƙaƙe, wasu sun tsage. Zoben ciki kuwa ya manne da sandar rolar, ƙarfen zarewa bai motsa shi ba. A gareji wuta zai sa masa. A tsakiyar busasshiyar ciyawa ya ƙi, ya ɗauki kurfi da guduma. Bugu na farko ya kauce, na biyu ya sami babban yatsansa. Ya tsaya yana kallon hannun yana rawa. Sai ya miƙa wa Fumie gudumar, ya riƙe kurfin da hagu.

"Buga. In kin sami yatsa, ina da sauran."

Ta yi ta bugu har zoben ya tsage. Ya goge sandar da samfefa, ya zura sabon boris, ya ɗora guntun bututu a kan zoben ciki kaɗai ya nuna mata inda za ta daka. Aka mayar da sarƙa, aka kunna. Ya saurara da muƙamuƙi, ya taɓa da hannu. Wurin bai yi zafi ba. Sun naɗe mafi yawan filin. Layukan da ke bakin kogi ruwa ya cim musu.

Numazawa, kai ne kake zuwa in an kira, ko ranar hutu ce. Kai ne ba ka taɓa canza abin da bai lalace ba, ba ka kuma taɓa barin mai gona bai san dalilin lalacewar ba, ko da ba zai so ji ba. Mai jin ciwon ƙarfe, gonakin da suka rage a hanyar nan da yawa hannunka ne ya kai su yau. Mun gode.

Duk mai iya riƙe sifana a cikinmu ya je gareji ya tsaya kusa da Numazawa kafin wata ya ƙare, ya ga yadda ake yi. Ƙofar a buɗe take, kuma ba ya ɓoye komai.

Ran nan, kafin Numazawa ya bar gonar ya duba ɗaya gefen rolar, ya tarar da irin wannan tsatsar. Boris ɗaya kawai yake da shi mai wannan girman. Ya ce wa Fumie na dama zai iya kai ƙarshen bana, ba zai kai baɗi ba, kuma ba shi ne zai canza shi ba. Ciyawar da ta tara za ta isa ko ba za ta isa ba, sai sanyi ya yi nisa za a sani. Mai sayen shanu ya kira ta a makon jiya. Ta ce masa ya sake kira.