Gansakukar Rijiyar Ƙauyen Sule Tankarkar

Ana idar da sallar asuba muka bar Gumel, ni da ƙanina da jakuna biyu ɗauke da igiyoyi da dagi da guga. Sana'armu yasar rijiya, kuma ƙarshen damina ne lokacin da ake nemanmu.

Hanyar Gagarawa yashi ce zalla, ga gero ya nuna hagu da dama. A tasha muka iske ana ta jibge buhunan gyaɗa ana jiran jirgin ƙasa. Fura ta yi araha, har ƙanina ya sha ta hana shi tafiya. Ƙarƙashin tankin da jirgi ke shan ruwa na ga gansakuka ta shimfiɗu kore shar, da laushi kamar karan-miski. Mutane kan ɗauka duk iri ɗaya ce. Ta kan ruwa yauƙi gare ta. Ta jikin bango kuwa tsiro ce sosai, in ka matso da ido za ka ga 'yan ganyayyakinta, wata har da siraran gashi masu ɗan kai kamar allura. Akwai wadda ke gindin kuka, ta bushe ta yi ja kamar ta mutu, ka zuba mata ruwa ta farfaɗo.

Bayan mun gama aikin Gagarawa muka nufi wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar. Rijiyarsu ɗaya ce, ta cika da yashi, mata sai sun yi doguwar tafiya kafin su sami ruwa. Ƙanina ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu sa'ad da na leƙa. A ɓangaren gabas, can sama inda ya kamata bango ya bushe, gansakuka ta yi kauri tun daga baki har ƙasa. Bayan wurin kuma kududdufi ne da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini.

Na ce masa ya kwance igiyar.

Mai gari, dattijo mai sanyin magana, ya ce, "Malam, lafiya? Mutane sun zuba muku ido."

"Ranka ya daɗe, ruwan kududdufin nan yana ratsowa ta bayan bango. Ba zan saka ɗan uwana a ciki ba sai an tokare shi da itace."

Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba, don mata na tsaye da tuluna babu ruwa. Amma ya sa samari suka bi mu jeji. Muna cikin saran itace da hantsi muka ji wani gurnani daga gari. Da muka dawo, ɓangaren gabas na rijiyar ya rufta gaba ɗaya. Ƙanina ya tsaya yana kallon ramin, ranar ko tuwo bai ci ba.

Muka zauna muka fara haƙa musu sabuwar rijiya nesa da kududdufin, har ta kawo ruwa. Muka biyo ta Maigatari ranar kasuwa, inda fataken Damagaram suka cika gari da raƙuma da kanwa, muka kamo hanyar gida da sassafe.

Mun iso Gumel lafiya, mu biyu kamar yadda muka fita. Na daɗe ina kankare gansakuka daga bangon rijiya ina zubarwa. Daga wannan tafiya, sai na duba inda ta fito kafin in bar kowa ya sauka.