Babban Firam Don Ƙanen Uba

A shagon mai haɗa firam, wata mata tana tsaye gabana da takardar digirin 'yarta. Hannuwanta duk sun tsattsage, ina jin wankau ne ya biya karatun nan. Ko murmushi ba ta yi.

"Babba nake so, wanda za a hango daga nesa," take ce wa mai shago.

"A falo za a rataye, Mama?"

"Sai ƙanen ubanta ya gani tukuna. Shi ya ce a cire ta daga makaranta, wai daƙiƙanci ta gada daga wurina."

Da mai shago ya gama, ya ɗauko jarida zai naɗe, ta ture hannunsa. Ta rungume firam ɗin, rubutun yana fuskantar titi, ta fita tana takawa a hankali.