Huseina da Baƙon Gidauniya

Huseina mai ƙuli-ƙuli maƙwabciyata ce a Birnin Gwari, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun da nake ban ga mace mai son fita kunyar baƙo irinta ba. Ko mai gyaran fitila ne ya shigo gidanta, sai ya sha kunu kafin ya taɓa aiki. Mijinta direban babbar mota ne. Da ya rasu ya bar mata 'ya'ya da wani tsohon sito a bayan kasuwa, inda a da ake tara buhunan masara.

A shekarun da daji ya rikice, mata suka riƙa shigowa gari daga Gwaska da Kusasu, wasu da goyo, wasu ko takalmi babu. Huseina ta buɗe musu siton nan. Ta koya musu suyar ƙuli da matsar man gyaɗa, suka zama ƙungiya har da rajista, Musulmi da Kirista a tabarma ɗaya. Abinci dai ana lallaɓawa. Rufin ne matsala. Kwanon ya ci tsatsa ya koma kamar rariya, damina ɗaya ta kwantar da yara da ciwon haƙarƙari, har ɗaya daga cikinsu ya rasu. Kowa ya san in ba a sake rufin nan ba kafin ruwa ya sauka, za a ƙara binne wani.

Sai aka ji labarin wata gidauniya a Kaduna, ta iyalan wani attajirin hatsi da ya rasu. Duk shekara 'ya'yansa na ware wani abu daga ribar kasuwancinsu su tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi. Tsarin mahaifinsu suke bi: ba sa aiki da labari. Ɗayansu zai taka da ƙafarsa ba tare da sanarwa ba, ya ga halin da ake ciki, sannan iyali su zauna su zaɓi inda buƙata ta fi tsanani. Huseina ta kai sunan ƙungiya. Ashe direban gidan, Suhaibu, abokin marigayi mijinta ne. Don ya kyauta mata, sai ya bugo waya ya ce ranar Laraba suna tafe.

Nan unguwa ta tashi. Huseina ta aro kujerun roba daga coci, darduma daga gidan liman, kuloli da farantai daga wajena. Aka ɗaura zannuwan gado a sama suka ɓoye hujojin kwanon. Kowace mace aka nemo mata atamfar aro, yara aka shafe su da mai har suna ƙyalli, masu tari kuwa aka rarraba su gidajen maƙwabta don kada su dami baƙo. Aka yanka kaji, aka yi tuwon shinkafa da fura mai sanyi.

Alhaji Abdulsamad, babban ɗan marigayin, ya zo ya ci ya ƙoshi. Ya tambayi matan ko akwai damuwa. Suka haɗa baki suka ce, “Alhamdulillahi, sai godiya.” To me za su ce wa baƙon da ko hannu bai gama wankewa ba?

Bayan mako biyu ya kira. Ina tsakar gidanta a lokacin, ta buɗe muryar wayar don in taya ta jin albishir.

“Hajiya, wallahi kun burge mu,” in ji shi. “Duk inda muka zaga ba mu ga ƙungiyar da ta tsaya da ƙafarta kamar taku ba. Shi ya sa muka ba waɗanda suka fi ku buƙata.”

Ludayin da ke hannunta ya faɗi cikin mai. Ni kam bakina a buɗe ya tsaya. Ban taɓa jin an yabi mutum yabon da ya kashe shi haka ba. Raina ya ɓaci da shi, ya ɓaci da ita, har da Suhaibu da wayarsa.

Washegari ta hau mota sai Kaduna. Ta zayyana masa komai, har zannuwan gadon. Ta ce mutumin ya daɗe yana kallonta kamar ta yi masa wani yare.

“Hajiya, don me?”

“Ranka ya daɗe, baƙo ne kai. A ƙasa zan zaunar da kai?”

Ya ce akwai ɗan abin da iyali ke ajiyewa don gaggawa, amma 'yan'uwansa ba za su saki ba sai ya koma ya gani da idonsa, ya kuma ɗauko musu hoto. Wannan karon kada a taɓa ko tsintsiya.

Da ta dawo ta tara matan ta faɗa musu, babu wadda ta ɗaga kai. Sai Mama Magdalena ta yi magana, wata tsohuwa daga wajen Gwaska wadda a da rumbunan gidanta ke ciyar da rabin ƙauye, kuma jikanta ne yaron da ya rasu.

“'Yata, 'yan bindiga sun kore shanunmu, sun ƙone hatsinmu, ban roƙi kowa ba. Yanzu so kike namiji baƙo ya gan ni a wannan tsumman, ya kai hotona Kaduna a zauna a kalla?”

Huseina ta ce, “Mama, ruwa ya kusa.”

Ranar da ya dawo, na bi ta muka shiga siton tare da shi. Wayam. Matan sun kwashi 'ya'yansu tun da safe sun ɓuya a gidajen mutane. Rana na zubowa ta hujojin kwanon, ga tabarmi duk sun ruɓe. A tsakiyar ɗakin Mama Magdalena ce kaɗai zaune, cikin zanen da ta gudo da shi, yagagge har kafaɗa, ta rungume wata jaririya mai tari da ta karɓo daga hannun uwarta.

“Ɗauki hoton, ɗana,” ta ce masa. “Ka ɗauka da kyau, kada su ce ka sake dawowa.”

Ya ɗauki hoton. Huseina ta juya ta fuskanci bango, ni ma ban iya kallo ba.

Kafintoci suka zo da sabon kwano kafin ruwan farko. Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe Huseina ta dafa dambu, ta zuba na Mama Magdalena daban ta kai mata. Ta tarar da tabarmarta a naɗe. Matan suka ce tun da hantsi ta bi masu babur ta koma ƙauye, inda ko ƙofa babu a ɗakinta. Ta bar saƙo a faɗa wa Huseina ba fushi take ba, ta gode, amma a can babu wanda ya gan ta a haka.