Akuyar da Ta Dawo Gida

A wurin 'yan gwanjo na kasuwar Mubi na sayi rigar fata, jaket irin ta matuƙan jirgin sama, saboda sanyi yana dukana a kan babur duk ranar da zan je Michika. Mai kayan ya rantse mini fatar doki ce.

Na kai wa Baba, ko da yake a lokacin ya daina gani. Majemi ne tun kafin ya baro Borno. Ya shimfiɗa rigar a cinyarsa yana shafawa.

"Wane doki? Da doki ne, da ta sandare kamar ƙirgi. Ta tunkiya kuma laushi gare ta, ƙusa ɗaya ta yaga ta. Wannan akuya ce."

Sai ya lashi babban yatsansa, ga goro a baki, ya danna a wuyan rigar. Raina ya ɓaci, ko sawa ban yi ba! Ya tambaye ni abin da na gani, na ce wurin ya yi duhu.

"Ta sha ke nan. Jimar sinadari ba ta shan ruwa haka. Wannan jimar bagaruwa ce, irin tamu." Ya sunkuya ya shinshina, ya ce wa rigar a hankali, "Sannu da dawowa. Kin sha hanya."

Ban sani ba ko akuyar ta taɓa taka ƙasarmu, ban kuwa yi masa musu ba.

Bayan rasuwarsa, wata rana matata ta ga jan tabon goron a wuyan rigar, ta ɗauko tsumma da sabulu. Na riƙe hannunta. Na ce ta goge ko'ina, ban da nan.