Ranar da Na Ci Fuskar Baban Lab

Shekarun baya, lokacin ina sabon Dokta, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro kemistiri, na yi wa wani dattijo abin da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ina koyarwa a wata babbar makaranta, ina zaune a unguwar Kamazou. Fannina shi ne ƙarafa irin su jan ƙarfe da kobal: yadda za a kewaye ƙwayar ƙarfe da wasu sinadarai su riƙe ta ta kowane gefe, har ta zama abin da muke kira katalis, wato sinadarin da ke hanzarta aiki ba tare da shi ya ƙare ba. Mahaifiyata ta gaji da wannan bayani. In aka tambaye ta sai ta ce ɗanta likita ne, amma ba ya duba kowa.

Shekara uku na yi a kan abu ɗaya. Na haɗa wani koren gari daga jan ƙarfe, ina so ya riƙa cinye launin ruwan rini kafin a zubar da shi ya gangara kogi. Shekara biyu da rabi garin nan bai yi komai ba. Kwatsam sai ya fara aiki. In na zuba shi a ruwa mai shuɗi, na ƙara haidirojin ɗin nan da ake wanke miki da shi, kafin in gama shan shayi ruwan ya yi garau. Na rubuta takarda na aika wa mujalla, na fara tafiya kafaɗa a sama.

Mai kula da lab ɗinmu, wato ɗakin gwaje-gwaje, wani dattijo ne mutumin Filato, kowa Baba yake ce masa. Ya daɗe a sashen rini na wata masaƙa kafin ta rufe, sannan ya dawo wurinmu. Ba shi da digiri. Amma in ya ɗaga kwalba ya kalli haske, zai gaya maka abin da ke ciki kafin na'ura ta gama ɗumi. Daga unguwar Nasarawa yake zuwa, kuma bai taɓa bari na riga shi isa ba.

Wata safiya ya shigo ofishina da kwalabe biyu, duka ruwan cikinsu fari tas.

Ya ce, "Dokta, duba nan. Wannan da garinka, wannan babu. Duka sun wanke."

Na ce, "Ka dai haɗa kwalaben, Baba."

Ya ce, "Sau huɗu na yi. Ina zargin ruwan ne. Tun da injin tace ruwa ya lalace, na bohol muke dafawa. Ruwan nan yana da baƙin ƙarfe, dubi yadda ya mayar da tankinmu ja. A masaƙa haka yake ɓata mana kala."

Abin takaicin, ni da bakina na ce a riƙa amfani da ruwan bohol ɗin kafin a gyara injin, na kuma manta. Amma maimakon in tashi mu je lab, sai na ce masa ina da aji, ya ajiye za mu duba. Ban duba ba. Tsoro nake ji, sai na sa wa tsoron suna rashin lokaci.

Bayan mako biyu aka yi taron ƙara wa juna sani na sashenmu, har da baƙi daga wasu makarantu. Na yi bayanina, aka tafa. Da aka zo tambayoyi sai na hango hannun Baba daga can baya, kusa da ƙofa. Ya miƙe, ya cire hularsa.

Ya ce, "A yi haƙuri, tambayata ƙarama ce. Dokta, an gwada da tataccen ruwa kuwa?"

Wani farfesa baƙo ya juyo yana kallona. Ni kuwa na yi murmushi na ce, "Baba, wannan bincike ne, ba rinin atamfa ba. Ka bar mana wannan, kai dai ka tabbata kwalabe sun wanku."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi. Baba ya ce, "To, Dokta," ya zauna, hular tana hannunsa har aka tashi.

Da ma a nan na tsaya. Washegari na je wurin shugaban sashe na ce mutumin nan yana shiga abin da ba huruminsa ba, yana rikita mini ɗalibai. Kafin wata ya ƙare aka mayar da shi sito, wurin ajiyar kujeru da tsofaffin fayil. A nan ya ƙarasa shekara biyun da suka rage masa. In mun haɗu a baranda shi yake fara gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon waya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata abokiyar karatuna da ke aiki a wata jami'a ta roƙi in aika mata garin ta gwada. Bayan kwana goma ta kira ni.

Ta ce, "Malam, wannan abin naka barci yake yi. Ruwa yana nan shuɗinsa. Da wane irin ruwa kuka yi aiki?"

Na sayo tataccen ruwa na shiga lab ni kaɗai, na yi gwajin da ya kamata in yi tun ranar da aka kawo mini kwalabe biyu. Garina bai taɓuka komai ba. Baƙin ƙarfen da ke cikin ruwan bohol ne yake aikin tun farko, abin da masana suka sani tun kafin a haifi kakana. Na rubuta wa mujallar na janye takardar. Ƙarin girman da nake hange ya wuce ni, kuma na daɗe ina shiga taro ta ƙofar baya.

Kuna tsammani a ranar na nufi sito? Ban je ba. Kullum sai in ce gobe. Har Baba ya yi ritaya, aka yi masa ɗan biki, na aika da uzurin cewa ina da mura.

Sai bayan shekara huɗu na je. A lokacin na koma bincike a kan baƙin ƙarfen kansa, yadda za a riƙe shi da sinadarai masu araha don masu rini su amfana, kuma aikin ya fara kyau. Na yi niyyar in ɗauko Baba mu yi tare, in sa sunansa kusa da nawa. Aka ce ya koma ƙauyen Kakau yana noma. Wata Asabar na kama hanyar Abuja, na yi ta tambaya har na sami gidan.

Matarsa ce ta fito. Da na faɗi ko ni wane ne sai ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Au, kai ne." Ta kai ni bayan gida, inda yake zaune yana ɓare masara.

Tun kafin in gama sallama ya gane muryata. "Dokta! Yaushe rabon ganinka? Mama, kawo masa kujera."

Na ƙi kujerar, na durƙusa. Na ce, "Baba, kun yi gaskiya. Ruwan ne. Na zalunce ku, ku yafe mini."

Ya ci gaba da murza masarar. Can ya ce, "Na ji labari tun ina sito. Na so in zo in yi maka jaje, sai na ga kamar za ka ɗauka dariya na zo yi." Ya ɗan nisa. "Zagin bai dame ni ba, Turawan masaƙa sun yi mini wanda ya fi shi. Siton ne ya yi mini ciwo. Ni dai na so in ƙarasa aikina a lab."

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya, ya nuna idanunsa, sai a lokacin na lura da farin da ya rufe su.

Ya ce, "Ka makara, ɗana. Yanzu shuɗi da kore duk ɗaya ne a wurina. Ka je ka yi aikinka, Allah ya taimaka. Na yafe tun tuni, a coci ma na faɗa."

Ya sa aka cika mini but ɗin mota da masara da doya. Na tuƙo mota har Kamazou ban kunna rediyo ba. Bai kai shekara ba ya rasu. Da takardar ta fito na sa sunansa a shafin godiya, amma shi bai ji ba, balle ya gani.

Yau ɗalibaina suna cewa ina da sauƙin kai, wai ko mai shara ya yi magana a lab sai na tsaya na saurara. In sun faɗa sai in yi murmushi kawai, don na san wanda ya ɗanɗana kuɗarsa kafin in zama haka. Kuskuren ruwa kowane mai bincike yana iya yi, wannan ya daɗe da daina damuna. Abin da ya ƙi barina shi ne, a gaban mutum hamsin na ci masa fuska, amma a bayan gida na ba shi haƙuri, daga shi sai matarsa sai kaji. Waɗanda suka yi dariya a ranar ba su taɓa jin na ce shi ne mai gaskiya ba. Wasunsu suna bibiyar wannan shafi. To ku ji yanzu: Baba ne ya yi daidai, ni ne ban san aikina ba.