Habsu Mai Langa

A Gure idan aka ce Habsu Mai Langa, tsofaffin mata sun san wadda ake nufi. 'Yar Gamu ce, 'yar Ɗan Talata mai lambu, wanda yake noman albasa da alkama a wani kwari tsakanin tuddan yashi. Uwarta ta rasu ta bar ta tana shan nono, saboda haka yayarta Bintu ce ta goye ta, ta rene ta da kunun gero da nonon akuya. Bintu ce ta yi mata kitson fari, ita ta koya mata daka da ɗinkin ƙwarya, ita ce kuma ta riƙe mata hannu ranar da aka kai ta ɗakin Garbai a Gure.

Garbai maɗinki ne, mai sanyin hali, magana ba ta dame shi ba. Da allura ya fara, a bakin kasuwa, suna zaune a bukka cikin gari. Wata shekara ya bi ayarin masu kanwa zuwa Kano, ya dawo da keken ɗinki ɗaure a kan raƙumi. Kumandan, Baturen bariki, ya ji labari, ya ba shi ɗinkin kayan sojojinsa. Kafin damina uku Garbai ya gina soro a sabuwar unguwar da ke bayan bariki, inda tafinta da sarjan da manyan fatake suke zaune.

Unguwar ba ta yi kama da cikin gari ba. A cikin gari mace takan leƙa ta kan danga ta ce wa maƙwabciya ta sam mata wuta ko gishiri. A nan katanga ce doguwa, an shafe ta da farar ƙasa, ga ƙofar katako da kwaɗo. Aron wuta abin kunya ne. Amma duk tsawon katangar nan, babu abin da za a sauke a ƙofar wani da rana wanda ba za a san shi a kowane gida kafin la'asar ba. Yakura matar tafinta ce jagabar matan. Zanen da ta ɗaura ranar Juma'a, shi sauran za su kwana bakwai suna damun mazansu a kai.

Habsu ta tare da ƙorenta goma sha biyu, waɗanda Bintu ta yi wa zane da wuƙar wuta. Ta jera su a ɗaki tana jin daɗi. Zaliha matar sarjan ta shigo yi mata barka da tarewa, ta dubi jeren, ta yi murmushi.

"Allah sarki," in ji ta. "Kakata ma irin waɗannan gare ta."

Kafin magariba Habsu ta kwashe ƙoren ta kai rumbu. Daga ranar ta shiga tara langa, kwanonin nan masu fenti da fatake suke kawowa daga Nguru. Ta sayar da awakinta biyu, ta sayar da mundayen uwarta. Fari mai bakin shuɗi, ja mai fure, manya da ƙanana, ta jera su daga ƙasa har kusa da rufi. Ba ta cin abinci a ciki. Kowace safiya sai ta sauke su ɗaya bayan ɗaya ta goge, ta mayar. Ta haihu sau biyu, ba wanda ya zauna, Garbai kuwa tun hantsi yana kan keke har rana ta faɗi. Aikin gugar nan shi yake cinye mata rabin yini, sauran rabin ta zauna tana sauraron ko za a taɓa ƙofa.

Abin da take so bai fi Yakura ta tako gidanta ba. Ta yi shekara biyu tana aika mata turaren wuta da dabino, ana karɓa, ana aiko da godiya ta bakin wani. Sai a bazarar da ta biyo shekarar da fara ta cinye gonaki, lokacin da gero ya yi wuya a ƙauyuka, Garbai ya sayo mata gadon ƙarfe mai rumfa. Raƙuma biyu suka kawo shi a rarrabe. Washegari Yakura ta aiko cewa za ta zo ta gani.

Habsu ta share tsakar gida sau uku. Ta dafa shayi, ta turara ɗaki. Da la'asar Yakura da Zaliha suka shigo, azurfa tana ƙara a hannuwansu. Yakura ta danna katifa da tafin hannu, ta ɗaga kai ta bi jeren langa da ido, ta ce, "To, ba laifi." Habsu ta ji kamar an ba ta Gure da abin da ke cikinta.

Suna cikin shan shayi aka yi sallama. Bintu ce, ta yi kwana biyu a hanya a ƙasa. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito, zanen saƙi ya koɗe a jikinta, ƙafafunta duk faso. A kanta ga ƙwarya mai ɗinki biyu, da ɗan dabino a ciki.

"Habsu! Auta!" in ji ta, tana dariya tun daga bakin ƙofa.

Habsu ta miƙe, ta fita da sauri ta tare ta a tsakar gida, ta karɓi ƙwaryar, ta nuna mata inuwar rumbu ta ce ta ɗan huta tukuna. Ta koma ɗaki. Yakura ta kurɓi shayi, ta tambaya, "Wace ce wannan?"

Habsu ta daɗe tana tuna cewa ba ta ko yi shawara da zuciyarta ba. Maganar ce kawai ta fito.

"Wata ce daga garinmu. Takan zo ta taya ni daka."

Tsakanin ɗakin da rumbun bai fi taku shida ba, kuma ƙofar a buɗe take. Can sai suka ji an jawo turmi. Bintu ta buɗe rumbu da kanta, ta ɗebi gero, ta fara surfe. Har baƙin suka gama hirarsu suka fita, taɓarya ba ta tsaya ba. Da za su wuce, Zaliha ta ce, "Kin dace, Habsu. Wannan ta iya aiki."

Da gidan ya zama daga su sai su, Habsu ta matso. "Yaya, ki bari haka nan."

"Saura kaɗan," in ji Bintu, ba ta ɗaga kai ba.

Ta surfa, ta wanke, ta daka, ta tankaɗe. Da aka yi tuwo ta ci loma kaɗan, ta tambayi lafiyar Garbai, ta ba da labarin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar ba abin da ya faru. Habsu ta ce ta hau sabon gado ta kwana, Bintu ta ce a'a, bayanta ya saba da tabarma. Ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Da aka idar da sallar asuba ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanya.

Habsu ta san yunwa ce ta koro ta. A makon ta sa Garbai ya ɗora buhun gero biyu a kan jakin Ɗan Kasuwa, mai jigilar albasa tsakanin Gamu da Gure. Da ya dawo ta tare shi a zaure.

"Ta karɓa?"

"Ta karɓa, uwar gida. Yara suna ta murna."

"Ba ta ce komai ba?"

Ɗan Kasuwa ya sosa ƙeya. "Cewa ta yi in gaya miki ladan daka ya iso, ta gode."

Habsu ta koma ɗaki ta zauna a bakin gadon, har Garbai ya dawo bai tarar da wuta a murhu ba. Da ta ba shi labari ya ce, "Ki je ki same ta." Ta ce za ta je bayan damina. Damina ta wuce, wata ta biyo. Kullum akwai suna ko biki a unguwa wanda in ba a gan ta ba za a yi magana.

Shekara uku bayan haka aka ɗauke tafinta zuwa wani bariki can gabas. Habsu ta ji kukan raƙuma da safe, ta leƙa, ta ga ana ɗaure kayan Yakura. Ta yi tsaye tana jiran a aiko a yi mata sallama, ba a aiko ba. Matar sabon tafinta kuwa farantan tangaran ta zo da su daga Damagaram, da madubi mai tsawon mutum, sai matan unguwa suka daina zancen langa. Da sanyin shekarar da ta biyo baya, ciwon haƙarƙari ya kama Garbai, kwana tara ya rasu. Matan unguwa suka zo gaisuwa da sababbin zannuwa, suka yi addu'a, suka tashi kafin shayi ya huce. Bintu ta zo ita ma tare da mijinta Aisami, ta zauna cikin taro, ta koma ranar sadakar bakwai.

Da Habsu ta fita takaba ta hau jakin Ɗan Kasuwa zuwa Gamu. Bintu ta tare ta da fara'a, ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, aka yanka mata kaza, aka kira maƙwabta su zo su gai da baƙuwa daga birni. Habsu ta tashi za ta taya ta wanke-wanke, Bintu ta ce, "Zauna, kin sha hanya." Ta ɗauki guga za ta bi ta rijiya, Bintu ta karɓe. Kwana huɗu ana hidima da ita kamar matar hakimi, ko sau ɗaya Bintu ba ta kira ta Auta ba.

Ranar da za ta tafi ta sami Bintu ita kaɗai a lambu tana ban ruwa.

"Yaya, ki yafe mini."

Bintu ta juye ruwan a kan albasa, ta dube ta. "Na yafe tun a hanya, Habsu. Allah ma muna yi masa laifi ya yafe. Sai dai abin da kunne ya ji, ya ji." Ta cika mata ƙwarya da dabino, ta raka ta har bayan tudu.

Habsu ta koma Gure. Dangin Garbai suka ɗauki keken ɗinki, suka bar mata gidan. Ta shiga haɗa turaren wuta tana kaiwa kasuwa da kanta, abin da da ba za ta yarda a gan ta tana yi ba. Masu saye suna yabon hannunta. Takan daɗe a rumfa ko kaya sun ƙare, don a can ne take jin muryar mutane.

A can ne, a kakar shekarar da aka fara zancen yaƙin Turawa, wata mai albasa 'yar Gamu, mai aure a Gure, ta tsugunna ta yi mata gaisuwa.

"Yaya haƙuri? Allah ya ji ƙan Bintu."

Habsu ta dube ta. "Yaushe?"

Matar ta dafe ƙirji. "Ashe ba ki ji ba? Yau kwana goma sha ɗaya. Aisami ya ce a aiko miki, kowa ya ɗauka wani ya aiko."

Habsu ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Wata mata tana tsaye tana jiran turare, ta auna mata, ta ƙulle, ta miƙa. Sannan ta rufe kayanta, ta bi layin masu jakuna tana tambaya ko akwai mai tafiya Gamu. Aka ce mata duk sun tashi tun azahar, sai kasuwa mai zuwa.