Lawwali Magini da Ƙwaryar Ruwansa

Kowace safiya, an idar da sallar asuba ke nan, za ka ga Lawwali magini ya nufi wurin aiki da ƙwarya a hammata. Mutanen Jibiya kan yi masa ba'a, wai fura za shi saye. Alhali ruwa yake cika ta da shi, ya ajiye a tsakiyar bene, ya sa mutane su yi ta takawa. In ruwan ya yi rawa, to, aiki bai ƙare ba.

Ni shaida ne. Shekarar da Nasara suka kafa iyaka tsakaninmu da Maraɗi, fatake suka riƙa kwana biyu uku a nan kafin a bar su su wuce. Yayana Abdu, mai saukar baƙi, ya tara mutum ashirin daga cikinsu a benensa. Ɗakin ƙasa kuwa mahaifiyarmu ce a ciki, Inna Rabi'a, ga tsufa ga makanta. Kullum sai ta ce mutum ashirin ɗin nan in suka tafi sujada tare, rufin yana numfashi, ƙasa na zubo mata a fuska. Muka ce rikicin tsufa ne. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Kai ne ka yarda da ita, Lawwali. Ka hau da ƙwaryarka lokacin azahar, aka kai goshi ƙasa, ruwa ya fantsala.

Ka ce, "Abdu, a hidda Inna yanzu. Azaran nan sun cika tsawo."

Abdu ya yi ta gunaguni, don sai da baƙinsa suka koma rumfa kwana goma. Da aka yaye daɓen, azara biyu sun tsage, daidai saman shimfiɗarta. Ka ta da ginshiƙi a tsakiya, ka gitta gajerun azara, ka ƙara kaurin daɓe.

Bana ka ajiye aiki, hannu ya soma karkarwa, ƙwaryar ba ta riƙuwa. Mun gode, uban magina, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, in tsohuwa ta ce ƙasa na zuba, ku hau ku duba.

Ranar da aka mai da Inna ɗakinta, baƙi suka yi la'asar a bisa kanta. Ta kasa kunne, ta ƙara kasawa, sannan ta kira ni.

Ta ce, "Kai, mi ya hana mutanen nan salla yau?"